Yaƙin Malam Badamasi na Shafin Wake

Da sunan Wanda ya halicci harshe, ya halicci kunne, ya kuma ƙaddara cikin hikimarsa cewa kunne ne zai riƙa riga harshe gajiya, muke buɗe wannan tarihi. Ku matso, ya ku ma'abota hankali, masu neman darasi a cikin al'amuran mazajen ƙwarai, ku ji labarin gwarzon gwaraza, sadaukin Tudun Gawo, garkuwar rumbuna, dodon ƙwari, fitilar manoman gabas da rafi da na yamma da shi, Malam Badamasi ɗan Kallamu, jikan Tanko Mai Dogon Numfashi, tattaɓa-kunnen Jatau na Bakin Kasuwa, ɗan zuriyar da tun kafuwar gari ba a taɓa jin ɗayansu ya faɗa cikin magana gaba-gaɗi ba tare da ya share mata hanya, ya yayyafa mata ruwa, ya shimfiɗa mata tabarma ba.

Maruwaita sun haɗu a kan cewa kakansa Tanko ya taɓa zuwa taya wani murnar ɗaurin aure, ya fara gaida mutanen zaure ɗaya bayan ɗaya, da iyayensu da gonakinsu da dabbobinsu, bai kai ga "Allah ya sanya alheri" ba sai da aka shigo da goron suna. Mahaifinsa Kallamu kuwa, Allah ya jiƙansa, shi ne ya ga jakin maƙwabcinsa ya tsinke igiya ya nufi daji, ya garzaya don ya sanar, amma da yake ɗan mutunci ne sai ya fara da tambayar kwana da gajiya da lafiyar iyali, har ya gangaro kan ciwon gwiwar surukar mai gidan. Kafin ya iso kan jaki, jakin ya shiga ƙasar wani hakimi. Daga wannan tsatso mai albarka Malam Badamasi ya fito, kuma bai zubar da gadon gida ba.

Ya yi aikin malamin gona har furfura ta cim masa, yana zaga ƙauyuka a kan wani babur da ƙararsa ke riga shi isa gari, sa'an nan ya yi ritaya da mutuncinsa. A duk tsawon wannan hidima abokin gabarsa ɗaya ne tak: ƙwaron wake, ɗan ƙaramin azzalumi, baƙin barde mai shiga buhu ba sallama, mai kwana a cikin ƙwaya ya mayar da guzurin shekara gari. Saboda tsoron wannan maƙiyi mutanen Tudun Gawo suka ɗauki wata muguwar ɗabi'a. Da an gama roro, an buge an sheƙe, sai su sayo maganin ƙwari a kasuwa, irin na kwalbar nan da ba ta da ko takarda a jiki, su zazzaga wa waken da za su ci da bakinsu. Malam Badamasi ya taɓa tsayawa a kan 'ya'yan wani gida da aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci alalen irin wannan wake, kuma abin da ya gani ranar bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ya san wata hanya ta adana wake wadda ba ta buƙatar guba ko ɗigo. Burinsa a duniya shi ne ya faɗe ta daga farko har ƙarshe, mutane su ji. Ni ba zan riga shi faɗa ba, domin haƙƙinsa ne.

Ya gwada, Allah shi ne shaida. Fagen famarsa shi ne majalisar gindin dalbejiya, a ƙofar shagon Tanimu wanzami, amininsa tun suna yara. Nan yake gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa sama. Sai ya gaida dattawa bisa tsarin shekarunsu, ya nemi afuwar waɗanda suka fi shi sani, ya yi wa magabata addu'a, ya ɗauko tarihin wake tun daga zamanin da ake auna shi da ƙoƙo, kuma a daidai lokacin da ya hango bakin maganar daga nesa, sai wani ya tuno ƙwallon jiya, ko mai rake ya gitta, ko a kira salla, taro ya watse a bar shi da yatsa a sama. A tarukan manoma ma haka yake: lokacin da aka ba shi yakan ƙare yana tsakiyar godiya ga shugaban taro. Jama'a suna ƙaunarsa, wannan babu musu. Amma da zarar ya yi gyaran murya sai ka ji an ce, "To, Malam zai buɗe littafi," kowa ya tuna akwai inda ake jiransa. Yakan yi dariya tare da su, sai dai abin yana yi masa ciwo ƙwarai, kuma kowace kaka ciwon ƙaruwa yake.

Ana nan, a wata shekara da wake ya yi kyau har ya rufe kunyoyi, 'yarsa Murjanatu, ma'aikaciyar jinya a Fatakwal, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ta kira shi a waya. Bayan gaisuwar da ta kusa cinye mata kati, ya kai mata kukansa.

"Baba, ka buɗe bulog mana," in ji ta.

"Mene ne shi kuma, Uwata?"

"Shafi ne naka na kanka a intanet. Ka rubuta abin da kake so, komai tsawonsa, kowa ya karanta a wayarsa. Babu mai katse ka."

"Babu mai katse ni?"

"Ko mutum ɗaya, Baba."

An ruwaito cewa a wannan sa'a Malam Badamasi ya miƙe tsaye har hularsa ta taɓa rufin rumfa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya yi kururuwar da ta tarwatsa kajin gidan: "A kawo mini tabarauna!"

Aka yi shirin yaƙi. Ya ɗaura tabarau mai igiya a maimakon kwalkwali. Ya ɗauko wayar da Murjanatu ta aiko masa tun bara, wadda bai taɓa yin komai da ita ba ban da amsa kira da haska ƙarƙashin gado. Ya zare makaminsa tilo, yatsansa manuni na dama, wanda ya sha nuna wa manoma tazarar shuka, ya goge shi a jikin riga. Ya kafa sansani a bayan ɗaki, a kan wani turmi da ya kife kusa da katanga, domin a duk faɗin gidan nan ne kaɗai sabis ke yarda ya sauka. Matarsa Hajiya Balaraba ta leƙo, ta dubi sansani da mai sansani, ta ce ita dai a mayar mata da turminta kafin la'asar.

A ƙofar birnin intanet ya tarar da mai gadi marar fuska, marar kunya, wanda ba ya amsa sallama. Aka nemi sunansa, ya bayar. Aka nemi kalmar sirri, ya bayar, aka ce ta yi rauni. Ya ƙara mata ƙarfi, aka ce har yanzu da saura. Duk ya jure, domin jarumi ba ya ɓata makami a kan dogarin ƙofa. Amma da aka ce ya tabbatar shi mutum ne ba na'ura ba, sai jinin Tanko ya motsa.

"Ni? Ni Badamasi ɗan Kallamu?"

Ya riƙe wayar a gaban fuskarsa ya karanto mata nasabarsa tiryan-tiryan, ta wajen uba da ta wajen uwa, har da wani kawu da ya yi fatauci zuwa Gwanja. Wayar ko gezau ba ta yi ba. Sai ma ta jero masa hotuna ta ce ya nuna mata fitilun kan titi masu ba motoci hannu, abin da Tudun Gawo ba ta taɓa mallaka ba tun da aka sare dajinta. Sai da aka kira Murjanatu ta wayar Hajiya, tana can tana ba da umarni, Hajiya tana riƙe da waya a kunnensa, shi kuma yana kai sara, kafin ƙofa ta buɗe. Ya shiga da ƙafar dama, ya kafa tuta, ya raɗa wa sabuwar ƙasarsa suna Rumbun Badamasi.

Murjanatu ta yi masa wasiyya irin ta masu tura dakaru: ya rubuta kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, domin shafi kamar tunkiyar turke ne, in ba a zuba mata kullum ramewa take. Ya karɓi wasiyya. Ya rubuta kan magana da manyan haruffa: Hanyar Adana Wake Ba Tare da Guba Ba, Kashi na Farko. Ya ɗaga yatsa zai afka wa ƙwaro, sai wani tunani ya riƙe masa hannu. Wannan rubutu fa cikin aljihunan mutane zai shiga, da ɗakunansu, da shagunansu, har gaban iyalinsu. Shin ɗan Kallamu ne zai faɗa wa mutane gida ba sallama?

Sai ya yi sallama. Ya gaida Mai Unguwa, ya gaida Liman da Na'ibinsa, ya gaida dattawan gindin dalbejiya kowa da sunansa da laƙabinsa, ya gaida tsofaffin abokan aiki, rayayyu da fatan lafiya, matattu da fatan rahama, yatsa guda yana saran harafi bayan harafi, yana kuskure yana komowa, gumi yana sauka a kan tabarau, rana tana karkata, inuwar katanga tana guduwa ta bar shi, har yatsan ya sage, cajin waya ya yi ja, Hajiya kuma ta zo ta tsaya a kansa da taɓarya a hannu. Ganin an yi masa ƙawanya ta ko'ina, sai ya rufe da cewa maganar wake tana nan tafe a kashi na biyu. Ya danna wurin wallafawa yana mai cewa da ƙarfi, "Ƙwaro, ga ni nan tafe!"

Murjanatu ta jefa adireshin shafin a zauren Wasap na 'yan unguwa, kuma kafin magariba gari ya ɗauka. Mutanen da ba su taɓa ganin sunansu a rubuce ba sai a katin zaɓe da katin asibiti, yau ga su a intanet, inda aka ce har Bature yana iya gani. Mai shayi ya riƙa nuna wa duk wanda ya zauna a bencinsa. Wani dattijo ya sa aka tura wa ɗansa da ke Agadas don ya san ubansa ba ƙaramin mutum ba ne. Da Malam Badamasi ya doso majalisa, sai aka miƙe masa, abin da ba a taɓa yi ba ko ranar da ya yi ritaya. Ya koma gida yana taku ɗaiɗai, yana jin cewa rabin ƙasar maƙiyi ta riga ta faɗo hannunsa.

Kashegari da hantsi runduna ta farko ta iso ƙofar gidansa, kuma ba ta ƙwari ba ce. Rundunar waɗanda ba a gaisar ba ce. Sarkin Fawa ya aiko a tambaya ko mahauta sun yi wani laifi ne. Direbobin tasha suka turo wakili. Wani da suka yi firamare tare ya zo da kansa, ya zauna a dakali, ya ce shi ba komai ya kawo shi ba, ya zo ne dai ya ga ko Malam yana da labarin cewa yana raye. Duk waɗannan raunuka ne da ake ɗaurewa. Mummunan sara ya zo ne daga inda ba a ji ko motsi ba, wato daga Alhaji Namadi, yayan Hajiya Balaraba, wanda shi ya ba Malam aurenta da hannunsa. Alhaji bai zo ba, bai kira ba. Hajiya ce ta ajiye wa Malam tuwo a gabansa, ta gyara murfin kwano a hankali, ta ce, "Yaya ya ce a gaishe ka. Ya ce shi bai manta da kai ba."



Saboda haka kashi na biyu ya tafi a ban-haƙuri da cike giɓi, Alhaji Namadi a sahun gaba da laƙabai har uku. Kashi na uku ya tafi a sulhu tsakanin maƙera da mahauta, domin an sa mahauta a sama, maƙera kuwa suka ce a tambayi mahauta wa ya ƙera musu wuƙa. Kashi na huɗu na mata ne, bayan ungozomar unguwa ta aiko a tambayi Malam ko duk mazan da ya lissafa daga sama suka faɗo. Daga nan kuma lissafi ya ɓace wa maruwaita. 'Yan unguwa mazauna Legas da Kurmi suka fara turo sunayensu da na 'ya'yansu. Wanda aka yi wa haihuwa ya zo a sa. Wanda ya sayi babur ya zo a sa, a yi masa addu'ar tsari. Wanda aka yi wa rasuwa ya zo, kuma wane mai imani ne zai dubi mai zaman makoki ya ce masa babu fili? Haka Rumbun Badamasi ya cika ya batse, kashi yana bin kashi, kowanne da kan maganarsa na adana wake ba tare da guba ba, kuma babu ƙwayar wake ko ɗaya a cikinsu.

A can fagen gaskiya kuwa maƙiyi bai tsaya gaida kowa ba. An yi roro, an buge, an sheƙe, buhuna sun fara shiga ɗakuna. Ranar kasuwa Malam ya ratsa ta layin masu magani ya ga sun baje kwalabensu a rana, ya ga mutanen da ya gaisar da sunansu a intanet suna tsugune suna zaɓa. Ɗaya ma ya ɗago ya yi masa kirari, "Sai Malam mai shafi!" da kwalbar a hannunsa. Malam ya amsa da murmushi, amma tsoro na gaske ya kama shi. Ya tuna yaran nan a gadon asibiti, ya ga cewa in aka ɗinke buhunan bana bai yi magana ba, to duk yaƙin nan wahalar banza ya sha.

Ya kira Murjanatu. Ta ce, "Baba, ka cire gaisuwar nan gaba ɗaya. Ka fara da wake, ka ƙare da wake."

"Uwata, so kike a ce ɗan Kallamu ya tsufa ya lalace?"

"To ka taƙaita ta, ka sa waken a ƙasa."

Ya yi niyyar bin wannan shawara, har ya fara wasa yatsa, sai asirin abokan gaba ya tonu a majalisa ta bakin amininsa. Tanimu wanzami ne ya ce, cikin yabo da kyakkyawar niyya, "Wallahi Malam shafin nan naka akwai albarka. Ni da na buɗe, in na gangara na ga sunana, sai in yi maka addu'a in rufe." Majalisa ta amsa baki ɗaya cewa ai kowa haka yake yi, har wani ya ƙara da cewa shi ya gode Allah sunansa yana kusa da sama, ba ya shan wahala. Nan Malam ya gane girman musibar. Ko da ya kai ga wake a ƙasan gaisuwa, babu mai rakiyarsa zuwa can. Mutanen da suka saba tashi su bar shi a gindin dalbejiya sun koyi tashi su bar shi a cikin waya, kuma a nan ko ƙarar takalmansu ba ya ji.

Wani ƙaramin barde da a nan ya ajiye makami. Amma Malam Badamasi ya koma kan turminsa, ya yi shiru irin wanda iyalinsa ba su taɓa ji daga gare shi ba, har Hajiya ta tambaya ko a kira mai kemis ya duba shi, sa'an nan Allah ya buɗe masa wata makida da ba a taɓa jin irinta ba a tarihin yaƙe-yaƙen rubutu. Tun da sunayensu suke bi, to sunayen za su zama tarko. Ba zai tara gaisuwa a sama ba, ba zai kuma zubar da ita ba. Zai warwatsa ta ne a cikin maganar wake tun daga kai har ƙafa, ya binne kowane suna a tsakiyar bayani, yadda babu mai isa ga nasa sai ya ratsa ta cikin ilmi, ko yana so ko ba ya so.

Ya yi kwanaki yana wannan kwanton ɓauna, yatsa ya kumbura aka shafa masa man zafi ya koma fage, aka kai waya caji shagon mai janareto aka dawo da ita ta sake mutuwa aka sake kaiwa, turmin Hajiya ya zama ƙasar da aka ci da yaƙi har ta haƙura ta koma aro a maƙwabta, kuma a ƙarshe ya fito da maƙala wadda ba a taɓa rubuta irinta ba, ga kuma ɗanɗano daga cikinta kamar yadda maruwaita suka adana:

"Ita macen ƙwaro tana saka ƙwanta ne a jikin wake tun yana gona, ina gaida Na'ibi Malam Sha'aibu da iyalansa, idan ƙwan ya ƙyanƙyashe sai tsutsar ta huda ƙwaya ta shige, gaisuwa ta musamman ga Sarkin Fawa, ta zauna a ciki tana ci tana ƙiba ba ta tsinana wa kowa komai, ban manta da direbobin tasha ba."

Haka ya bi da su kwari da tudu. Ita kuwa hanyar adanawar, zuciyar maganar, abin da ya ɗauka a ƙirjinsa shekara da shekaru, ya ajiye ta can ƙarshe, ya kuma rufe bayanta da sunan da ya tabbata mai shi zai bi duniya ya nemo, wato Alhaji Namadi. Ya miƙe a kan turmi, ya ɗaga waya sama inda sabis ya fi kauri, ya yi kabbara, ya ce, "Yau ko ni ko ku!" Ya danna.

Ba a jima ba Murjanatu ta kira. Shafin yana nuna mata inda masu karatu suke tsayawa, kuma wannan karon sun kai har ƙasa. "Baba, har ƙasa! Wasu ma sun koma sun sake!" Malam ya cire tabarau ya share ido da bakin riga, bai ɓoye ba. Abin da kakansa bai samu ba, abin da ubansa bai samu ba, yau shi ya samu: wani daga zuriyar Jatau ya kai ƙarshen magana da mutane a bayansa. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ko da yake ranar Talata ce, ya nufi gindin dalbejiya don karɓar mubaya'a.

Kotu ya tarar. Na'ibi yana zaune ya haɗe rai, yana son a gaya masa dalilin da ya sa duk faɗin rubutun ba a sami inda za a ajiye shi da iyalansa ba sai kusa da ƙwan ƙwaro. Sarkin Fawa, wanda Allah ya yi wa jiki, ya miƙe da ƙyar yana haki: "Malam, ni ne nake ci ina ƙiba? A intanet?" Alhaji Namadi da kansa ya zo, a mota, bai ko kashe ta ba.

"A wutsiya ka sa ni, Badamasi," in ji shi. "Layi-layi na bi ina neman kaina har idona ya yi ruwa. Na ga mai shayi, na ga mai faci, sa'an nan ni."

Malam ya karɓi kowane sara da fara'a. Ya ba Na'ibi haƙuri, ya rantse wa Sarkin Fawa cewa tsutsa yake nufi, ya durƙusa wa Alhaji ya ce ai babba shi ke rufe taro. A ransa kuwa farin ciki ne fal, domin kowace tuhuma shaida ce cewa an ratsa rubutun. Da ƙura ta lafa, ya gyara babbar riga, ya dubi jama'a da idon wanda ya ci gari, ya ce, "To jama'a, yaya kuka ga maganar waken?"

Aka dubi juna.

"Wane wake?" in ji Sarkin Fawa.

"Ni dai sunaye na gani," in ji Alhaji Namadi, "da wasu 'yan maganganu a tsakani da suka riƙa tare mini hanya." Ya shiga motarsa ya tafi.

A nan tutar Rumbun Badamasi ta faɗi. Sadaukin Tudun Gawo, garkuwar rumbuna, dodon ƙwari, baƙin ciki ya cika masa ciki har ba ya jin zai iya gyaran murya. Majalisa ta koma hirar farashin taki. Shi kuwa ya ja jiki zuwa bencin Tanimu, ya tuɓe hula, ya ce a yi masa gyaran fuska, don dai ya sami dalilin rufe ido.

Tanimu ya yafa masa ƙyalle, ya jiƙa gemu da sabulu, ya wasa aska a tafin hannu, ya tura masa kai baya. Ya kai aska daidai maƙogwaro ke nan sai ya ce, "Af, Malam, ka ga na tuna. Tun da kai malamin gona ne, na sayo maganin kwalbar nan, yau nake so in zuba wa waken gidana kafin a ɗinke. Murfi nawa ake sa wa buhu?"

Malam ya buɗe ido. Gidan Tanimu cike yake da jikoki, kuma duk ya san su da sunansu. Nan take muƙaddima ta taso masa daga ciki, da gaisuwarta da neman afuwarta da tarihin ƙoƙo, maƙogwaronsa ya motsa zai yi gyaran murya, sai ya ji sanyin ƙarfe a kan fata.

"Kar ka motsa, Malam, yanzu na wasa ta," in ji Tanimu. "Faɗi a taƙaice."

Jikan Tanko Mai Dogon Numfashi, haƙora a haɗe, ido yana kallon ganyen dalbejiya, ya ce, "Kar ka zuba. Shanya shi ya bushe ƙarau. Cika jarka har wuya, toshe ta kar iska ta shiga, bar ta wata biyu. Ƙwaron da kansa zai mutu."

Aska ta tsaya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Tanimu ya juya wajen majalisa, aska a hannu, ya ɗaga murya: "Kai jama'a! Ashe wake ba ya son magani! A busar da shi, a cika jarka, a toshe, ƙwaro ya mutu!" Na'ibi ya ce ikon Allah. Sarkin Fawa ya ce shi ma yana da jarkokin mangyaɗa a gida birjik, wankewa kawai za a yi. Wani ya zaro kwalba daga aljihu ya dube ta, ya tashi ya ce bari ya je ya ga ko mai maganin bai naɗe kaya ba, ya mayar masa da abarsa. Duka abin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba.

Tanimu ya komo kan aikinsa yana girgiza kai. "Haba Malam. Kana da wannan a ciki, muna tare kullum, me ya hana ka faɗa tun tuni?"

Malam Badamasi yana da amsa, doguwa, mai asali, wadda ta faro tun daga Jatau na Bakin Kasuwa. Ya ja numfashi.

"Ɗaga haɓa," in ji Tanimu.

Ya ɗaga haɓa.